Labarin Birnin Yauri Da Hanyar Gwanja

   

Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake masu karanta wannan shafi, nufinmu yau mu ba da labarin wani ɗan gari wanda da yawa cikinku kun sha ratsa shi a mota ba ku tsaya ba, sai fa in direba ya tsaya shan ruwa. Wanda ya taso daga Kwantagora ya nufi Yelwa, in ya rage masa kamar mil 9 ya isa, zai iske shi a bakin kwalta. Sunansa Birnin Yauri, Turawa kuwa suka gajarta shi a takardunsu, suna rubuta Bin Yauri. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ita kuwa Ngaski da Shanga da Yauri su uku ne suka haɗu suka zama ƙasar Sarkin Yauri. Baƙon da ya dube shi ba zai ga abin da ya raba shi da sauran garuruwan kan hanya ba. Amma in ya sauka ya taka cikin gonaki, zai ga wani tudun ƙasa ya miƙe, nan ya yi tsawo, can ruwan sama ya cinye shi, can kuma garma ta bi ta kansa. To, wannan tudu shi ne abin da ya saura na ganuwar babban birnin ƙasar Yauri, inda sarakuna suka zauna fiye da shekara 400.

Tun ba a yi Hausa a wannan ƙasa ba akwai mutane cikinta. A tudu akwai Kambari da Dukawa, manoman dawa. A bakin Kwara da cikin tsibiranta akwai Shangawa da Lopawa, da waɗanda muke kira Gungawa saboda zaman gungu, alhali su Reshe suke kiran kansu, birnin nan ma Ireshe suke ce masa da bakinsu. Sarkawa masu su suka gangaro daga arewa da jiragensu. Jerin sarakunan da fada ke riƙe da shi ya fara da Tafiraulu, ana sanya hawansa a 1411, daga baya sarauta ta zauna a gidan Jerabana. Ƙasar ta taɓa bin Kabi bayan da Kanta ya yi ƙarfi. Masu lissafin ƙasashe sun sa Yauri cikin Banza Bakwai, tare da Zamfara, da Kabi, da Nufe, da Gwari, da Yarabawa, da Kwararrafa. Kalmar banza a nan ba ta yi wa kowa daɗin ji ba, amma abin da ake nufi da ita kawai ƙasashen da Hausa ta iske, ba waɗanda aka haifa cikinta ba.

To, me ya tara mutane a nan har suka bukaci ganuwa irin wannan? Yauri ba ta yi sunan yaƙi kamar Gobir ba, ba ta yi sunan saƙa da rini kamar Kano ba. Abin da Allah ya ba ta shi ne mafita a kan babban kogi, daidai inda hanyar Gwanja ta zo ta tsaya tana jiran jirgi.

Fatake tsofaffi sun san wannan hanya a bakin kakanninsu. Goro ba ya yi a ƙasarmu. A kurmin Asante yake fita, a kawo shi kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Ayari ya tashi daga Kano ko Katsina bayan an ɗauke amfanin gona, da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa, da turkuɗi, da jan fata, da busasshiyar albasa. Madugu na shugabanci, jagaba na gaba yana neman zango, uban dawaki na kula da sha'anin kuɗin hanya. Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa su ne suka yi fice a wannan fatauci. In sun ƙetare Kwara sai su shiga Bargu, su bi ta Nikki da Jugu, su ratsa Sansanin Mango da Yandi, kana su sauka Salaga. Tafiya da komowa takan cinye rabin shekara, wani sa'i shekara guda cur. A kan hanyar komowa kuwa aiki ya fi yawa, gama goro ɗan lele ne: a kwance huhu, a tsince wanda ya ɓaci, a yayyafa ruwa, a sāke ganye, a ɗaure, in an yi sakaci kwana kaɗan sai a iske sankara ta gama da ƙwarya goma. Wani Bature mai suna Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826 yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa, maza da mata, sun fi 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

Ka duba, ya mai karatu, abin da taro irin wannan zai yi wa garin da ya sauka. Mutum dubu suna bukatar tuwo, jaki dubu suna bukatar harawa. Fiton su kaɗai ba aikin yini ɗaya ba ne, gama sai a loda kaya a jirgi, a riƙe dabba tana iyo a gefensa, a je a komo. Mai jirgi ya sami kuɗin fito, mai gida ya sami la'ada, dillali ya samu, mai fura ta samu, sarki kuma ya karɓi nasa. Kowane babban ayari yana tafe da malaminsa, shi ke rubuta bashi da wasiƙa, shi ke jan salla, shi ke sallar wanda ya riga mu gidan gaskiya a hanya. Da yawa cikin malaman nan in sun ga wuri ya yi musu sai su ajiye gafaka su kafa tsangaya. Ta haka allo ya shiga wannan ƙasa, ta haka kuma Hausa ta zama harshen kasuwa da na fada, har Bagunge da Bakambare suka riƙa ciniki da ita tsakaninsu.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a riƙe. Mafitar Yauri ba ita kaɗai ba ce a kan Kwara. Akwai ta Ilo daga arewa, akwai ta Komi a ƙasa da Busa. Madugu ba ya auren hanya. Inda ya ji akwai lafiya, kuɗin hanya kuma da sauƙi, can zai juya akalar ayarinsa, ba ya ko sallama. Saboda haka arzikin Birnin Yauri ya rataya ne ga zaman lafiya, kamar yadda guga ya rataya ga igiya.

Sarkin da ya fi kowa gane wannan shi ne Muhammadu Albishir Ɗan A'i, wanda ya hau a 1799 ya yi shekara 30. A zamaninsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, jihadi ya tashi. Alƙalawa ta faɗi, Birnin Kabi ya faɗi, sarakunan Haɓe na Katsina da Kano da Zazzau suka bar gidajensu. Sarkin Yauri bai ja dāgā da jama'ar Shehu ba. Ya nemi amana aka ba shi, ƙasarsa ta zama wurin da jama'a ke samun abinci a shekarun da yunwa ta matsa musu, da aka raba mulki kuma Yauri ta bi Gwandu, wajen Malam Abdullahi. Ba a kawo wani mai tuta an ɗora a kansa ba, sarauta ta tsaya a gidanta. Mai gaggawa zai ce tsoro ne. Ni dai a ganina sarkin da ya fid da ƙasarsa daga wannan guguwa ba a ƙone rumbu ba, ba a watsa kasuwa ba, ba a zub da jinin Musulmi ba, ya yi abin da masu takobi da yawa suka kāsa.

A zamaninsa ne kuma Bature na farko ya ratsa ƙasar. Sunansa Mungo Park, mutumin Sikotilan, ya biyo Kwara tun daga ƙasar Bambara yana neman inda ta ƙare. Ya iso ruwan Yauri a farkon 1806 da 'yan mutane kaɗan da suka rage masa. A nan jagoransa, Amadi Fatuma, ya sauka, gama iyakar alkawarinsu ke nan. Park ya wuce, ya halaka a duwatsun Busa. Daga baya Amadi ya ba da labari cewa wani hakimin bakin ruwa ne ya danne gaisuwar da aka bayar a kai wa sarki, sarki ya husata ya aika a tare jirgin. Wannan magana ta bazu cikin littattafan Turawa har ta shafa wa Yauri baƙin fenti. Amma malamai sun san hukuncin shaidar mutum guda, wanda kuma ba a gabansa aka yi abin ba.

Bayan shekara 24 waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard Lander da ƙanensa John, suka zo neman takardun Park. Suka hau jirgi daga Busa, suka shiga Birnin Yauri a ƙarshen watan Yuni na 1830, farkon shekara ta 1246 ta Hijira, zamanin Sarki Ibrahim Dogon Sarki. Abin da suka rubuta shi ne mafi cikar sifar birnin da ta zo mana daga wanda ya gan shi da ido yana raye. Sun ce ganuwarsa ta ƙasa ce, doguwa, mai kyaun gini, da manyan ƙofofi 8, suka ƙiyasta kewayenta mil 20 zuwa 30. Ƙiyasin ido ne na baƙon da ya gaji, kada a ɗauke shi awon igiya, ko da yake ganuwar Hausa takan haɗiye gonaki da makiyaya da fadama domin ranar da aka rufe ƙofa. Sun ga ana yin albarushi a garin, da sirdi mai kyau, da saƙa. Sun ga baba, da taba, da albasa, da alkama, da shinkafa mai yawa wadda suka yaba ƙwarai.

Sun yi mako biyar sarki bai sallame su ba, takardun Park kuwa ba su samu ba. Cikin dalilan jinkirin da suka ce an ba su akwai na ban dariya: wai an fige gashin jimina za a aika wa Sarkin Ingila, aka ga bai isa kyauta ba, sai a jira wani ya tsiro, ana shafa wa jiminar man shanu, kuɗin man kuma aka cire daga bashin da suke bin fada. Da haushi suka rubuta wannan, mai karatu sai ya rage wani abu. Duk da haka wanda ya taɓa bin babban mutum bashi ya san irin wannan jimina, har yau ba ta gama fid da gashi ba. Da suka bar Yauri suka gangara Kwara har teku a cikin shekarar nan, aka san inda kogin ya ƙare.

Shekara 14 kacal bayan wannan gani birnin ya fara mutuwa, ba kuwa abokin gaba ne ya fasa ganuwar ba. A 1844 aka fid da Sarki Jibrilu Gajere, Abubakar Jatau ya hau, Gajere ya komo da yaƙi. Daga nan 'ya'yan gida ɗaya suka yi ta karɓe-karɓe, kowa na neman mataimaki daga waje. A daidai wannan lokaci Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, yana kafa ƙarfinsa a gabas, har ya gina Kwantagora a 1864. In bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Kwantagora ta cinye gabashin ƙasar Yauri, Kambari suka sha hari, waɗanda suka tsira suka hau duwatsu ko suka ƙetare ruwa. Sarakunan Yauri da kansu suka bar birnin kakanninsu mai ƙofa takwas suka koma tsibirin Ikum a tsakiyar Kwara, ruwa ya zama musu ganuwa. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya tattara abin da ya saura ya kafa fada a Yelwa, a bakin kogi, inda take har yanzu.

Da fada ta tashi, sai masu sirdi da masu albarushi da marina suka bi ta. Fatake kuwa tun tuni sun sāke mafita. Ko da lafiya ta komo, hanyar kanta ta riga ta tsufa. Turawa sun ƙone Kumasi a 1874, ƙarfin Asante a kan kasuwar goro ya karye. Salaga ta watse da yaƙin basasarta a 1892. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, da reluwe ta iso Kano a 1911 kuwa sai ya zama abin da jaki ke kai wa cikin wata uku jirgin ƙasa na kai shi cikin kwana uku. Ba wanda ya sāke ɗaura wa jaki waga domin Gwanja. Birni ya zama ƙauye a cikin ganuwarsa, kamar yaro sanye da rigar kakansa.

Sa'an nan ruwa ya zo. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969 domin wutar lantarki. Ruwa ya taru ya zama tabki mai tsawon kamar mil 85, kansa ya taɓo Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, duwatsun da suka ci Park suka nutse, babban tsibirin Foge da gungaye masu yawa suka shiga ƙarƙashin ruwa. An tashi mutum fiye da 40,000 aka zuba su a sababbin garuruwa, cikin gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi waɗanda ba su saba da su ba, har da yawa suka gina ɗakunan ƙasa a gefe suka koma ciki. Gungawa ne suka fi jin jiki. Dā kogin yakan cika sau biyu a shekara: farin ruwa na damina mai laka, da baƙin ruwa wanda ke tasowa tun daga duwatsun Gini ba ya isowa sai da ɗari. A kan wannan lissafi suka gina nomansu, suna dasa albasa a gaɓa suna ban ruwa da ƙwarya. Tabki ya shafe lissafin, sai da suka koyi bin ruwa in ya janye su shuka a inda ya bari. Masunta kuma suka ƙaru daga ko'ina, ana kama giwan ruwa da ƙarfasa da ƙurungu, da 'yan mitsi-mitsin nan da ake kira warangi ana shanyawa a rana. Abin lura a nan, waɗanda suka gudu daga birni suka fake da ruwa, ruwan ne ya tashi jikokinsu. Kufan da aka gudu aka bari a tudu ko ɗigo bai taɓa shi ba.

A zamanin nan sunan Birnin Yauri ya fi fita ta wajen abu biyu. Ɗaya zinariya ce da ke cikin ƙasar kewayensa, wadda samari ke haƙa suna wankewa, wani ya samu, da yawa su tashi da ciwon ƙirji. Ɗayan kuwa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ce da aka gina a garin. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka faɗa mata da rana tsaka suka kwashe ɗalibai masu yawa da waɗansu malamansu, waɗansu 'yan mata ba su ga iyayensu ba sai a 2023. Mako uku kafin wannan, ran 26 ga Mayu, jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a tabki kusa da Wara, hedkwatar Ngaski, kaɗan ne suka fita. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyaye haƙuri. Abin baƙin ciki ne a ce garin da ya yi shekara 400 yana saukar baƙi, duniya ba ta ji sunansa ba sai ranar da aka sace 'ya'yan baƙi a cikinsa.

Ba a ce ba a rubuta kome ba. Ɗan ƙasar nan, Mahdi Adamu Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya yi bincike a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968 a kan mulkin Yauri cikin ƙarni na 19, ya kuma fid da littafi a 1978 a kan yaɗuwar Hausawa a Afirka ta Yamma. Sarkin Yauri Dokta Muhammadu Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau a 1999, shi ma ya riƙe wannan jami'a ta Sakkwato kafin sarauta. Ƙasar ba ta rasa masana ba. Amma aikin nan da Ingilishi yake, yana ajiye a ɗakunan karatu na jami'a, malamin zaure da mai rumfar goro ba su kai gare shi.

A ƙasar Ingila, wadda 'yan Lander suka fito, da wuya ka sami ƙauyen da ba a san tarihinsa ba, ko da gidajensa ba su fi hamsin ba. Ba don sun fi mu kakanni ba ne. A 1086 sarkinsu Wiliyam ya aika a rubuta masa ƙasar wuri wuri, wane ne mai ita, garma nawa, injin niƙa nawa, aka rubuta wurare fiye da 13,000 a littafin da suke kira Domesday. Daga 1538 kuma aka umurci kowane limamin coci ya riƙa rubuta wanda aka yi wa suna, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Limamin ƙauye ne ya yi musu aikin, ba wani shehin malami ba. Mu ma muna da tawada da alƙalami tun da daɗewa. Sarkin Musulmi Bello bai ga ƙasƙanci ba ga rubuta labarin ƙasashe cikin Infaƙul Maisuri, har da ambaton Yauri. Amma malamanmu na ƙauye sun ɗauka in ba fiƙihu ko nahawu ba ne, ɓarnar takarda ce.

Saboda haka ga roƙonmu ga malaman Birnin Yauri da Ngaski da Wara da Shanga da Yelwa. Wanda yake da shekara 20 ranar da ruwa ya ci gungaye, yau ya ba 70 baya. A zauna da irinsu a tambaye su sunan tsibirin da aka haife su, da wanda ke maƙwabtaka da shi, da inda makabartarsu take. A tambayi dattawan birni sunayen ƙofofin nan takwas da inda kowace ta fuskanta, da inda kasuwa ta ci, da inda marina take, da inda ayari ke sauka, da mashigin da ake fito. Masu gona a jikin ganuwa kuma, don Allah a bar mata ko taki biyar, kada a ɗebi ƙasarta a yi tubali. Fatake waɗanda kakanninsu suka yi Gwanja su duba cikin tsofaffin adudai da gafaka, sau da yawa akan sami wasiƙar madugu ko takardar bashi a tsakanin ganyen littafi.

Wanda ya samu ya rubuta da ajami yadda ya iya, ya sa sunan wanda ya faɗa masa, da garinsu, da ranar da aka yi maganar. In tsohuwar takarda ce kada ya rabu da ita, ya kwafe ya aiko wa Edita kwafin, za a buga a wannan shafi da sunan mai aikowa in Allah ya so.